Ciwon Jijiyar Ƙafa ga Dokin Sukuwa: Magani da Jinya

Cikin abubuwan da ke raba dokin sukuwa da fili, kaɗan ne suka kai ciwon jijiyar ƙafa ɓarna. Ba ya kashe doki, ba ya yaɗuwa cikin barga, sau da yawa ma ko ɗigon jini ba a gani. Amma a Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, duk inda ake sukuwa ko hawan salla, masu dawaki sun san dokin da ya yi suna shekara guda, daga nan aka daina jin ɗuriyarsa saboda ƙafa. Wuyar sha'anin ciwon ita ce yaudararsa. Ɗingishi yakan tafi cikin mako 2 ko 3, alhali jijiyar ba ta gama haɗewa sai bayan wata 6 zuwa shekara guda, wani lokaci har fiye. Mai doki ya ga dabbarsa ta miƙe, ya ɗaura sirdi, jijiya ta sake yagewa. Ciwo na biyu kuwa ya fi na farko wuyar warkewa.

An shirya wannan bayani domin masu dawaki, da mahaya, da yaran barga waɗanda su ne ke kwana su tashi da doki.

Yadda ƙafar doki take

Daga gwiwa zuwa kofato babu tsokar a zo a gani a ƙafar doki. Ƙashi ne, da jijiyoyi, da fata. Tsokar da ke motsa ƙafa tana can sama, tana jan kofato daga nesa kamar yadda mai ɗiban ruwa ke jan guga da igiya.

Kalmar jijiya a Hausa ta haɗa abubuwa da dama. Akwai jijiyar jini, akwai wadda ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa. Waɗanda ake nufi a nan su ne farare masu tauri, irin waɗanda ke ba mahauci wahala in yana yankan nama. Su ma iri 2 ne. Agara ita ce wadda ta haɗa tsoka da ƙashi. Jijiyar ɗauri kuwa ƙashi da ƙashi take haɗawa, ita ke riƙe gaɓa don kada ta goce.

In ka shafa bayan ƙwaurin doki za ka ji igiyoyi a jere. Biyu na waje agara ne, ɗaya bisa ɗaya, sun manne da juna har ka ɗauka guda ce. Ta uku tana ciki, jingine da ƙashi, kuma jijiyar ɗauri ce. Ta taso daga ƙarƙashin gwiwa, ta gangaro, kafin ta kai ƙasa ta rabu gida 2. Kowane reshe ya kama wani ɗan ƙaramin ƙashi a bayan idon sawu, wato dunƙulalliyar gaɓar nan da ke ƙarshen ƙwauri, mai ɗan gashi a bayanta. Aikin wannan jijiya shi ne ta rataye idon sawu, ta hana shi taɓa ƙasa, kamar yadda ragaya ke riƙe ƙwarya a ɗaki. Saboda haka za mu kira ta jijiyar ragaya. Ita ce jijiyar ɗaurin da ta fi jin ciwo ga dawakin wasa. Akwai kuma waɗansu gajeru a gefen kowace gaɓa, dama da hagu, waɗanda ke yin targaɗe in ƙafa ta murɗe cikin rami. Jinyar agara da ta jijiyar ɗauri kusan hanya ɗaya suke bi, don haka abin da za a faɗa a nan ya shafe su duka.

Ƙafafun gaba ke ɗauke da wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin doki in yana tsaye. Doki mai kilo 350, kenan kilo 210 na bisa ƙafafun gaba, ban da sirdi da mahayi. Cikin sukuwa kuwa akwai lokacin da ƙafa ɗaya tak ke ƙasa, kuma nauyin da ke sauka a kanta yakan ninka nauyin dokin wajen sau 2. A wannan ƙiftawar ido idon sawu yakan sauko har ya kusa shafar ƙasa, jijiya ta miƙe kusan iyakar miƙewarta. Masu bincike a Ingila sun auna zafin cikin agarar doki yana sukuwa, suka tarar yana kai digiri 45. Abu ne da ke aiki a bakin iyakarsa kullum.

Abin da ke kawo ciwon

Jijiya kamar igiyar rama take: silin zare ne dubbai a kwance wuri ɗaya. Ba kasafai take tsinkewa farat ɗaya ba. Sili-sili take cinyewa, yau kaɗan gobe kaɗan, ba mai gani. Ranar da doki ya dawo da ɗingishi sai a ce ramin nan ne, ko dutsen can. Galibi igiyar ta daɗe da yin rauni, ramin ƙarasa ta kawai ya yi. Shi ya sa doki mai shekaru, wanda ya daɗe yana gudu, ya fi matashi shiga haɗari.

Gajiya ita ce babbar ƙofa. Muddin tsoka na da ƙarfi, tana rage wa jijiya kaya. In ta gaji sai kayan duka ya koma kan jijiya, shi ya sa ciwon ya fi aukuwa a ƙarshen tsere, lokacin da mahayi ya fi matsa wa doki da bulala.

Dubi halin dokin salla. Wata da watanni yana ɗaure a turke, yana cin hatsi da dusa, ya yi ƙiba, gashinsa na ƙyalli. Ranar hawa a ɗora masa kaya masu nauyi, ƙato ya hau, a sake shi a guje a tsakiyar taro, sannan a ja linzami da ƙarfi a yi zamiya a gaban sarki. Kyan gani kam akwai shi. Amma ƙafar da ba ta sha kilisa ba tsawon shekara, an nemi ta yi aikin da ko horarren doki yana jin jiki in ya yi shi. Wanda ke son hawa ba tare da asara ba, ya fara fitar da dokinsa kilisa aƙalla wata 2 kafin salla, yana ƙara nisa sannu-sannu.

Ƙasar da ake gudu a kai ita ma tana da nata. Rairayi mai zurfi yana saurin gajiyar da tsoka, yana kuma jan jijiyar ragaya. Kwalta da busasshiyar laka suna dukan ƙashi da gaɓa. Mafi haɗari shi ne filin da ya gauraya, nan tauri can laushi, domin ƙafa ba ta san abin da za ta taka ba. Sai kuma kofato. In bakinsa ya yi tsawo, dundunniya ta kwanta, kowane taki yana ƙara jan jijiyoyin baya. Kofato na tsiro ba fashi, saboda haka a riƙa gyara shi kowane mako 6 zuwa 8.

Yadda ake gane shi

Alamomi 4 ne: zafi, kumburi, jin ciwo in an matsa, da ɗingishi. Ba dole su zo tare ba.

Hannu shi ne babban ma'auni. Kowace safiya, tun rana ba ta taɓa dokin ba, ka shafa ƙafafunsa daga gwiwa zuwa kofato, kana gwada dama da hagu. Ƙafa mai lafiya sanyi gare ta, jijiyoyinta a fili suke kamar tsirkiyar baka. In ɗaya ta fi ƴar'uwarta ɗumi, ko kwarin da ke tsakanin jijiya da ƙashi ya cike, akwai magana, ko da dokin na tafiya daidai. Daga nan ka ɗaga ƙafar, jijiyoyin su saki, ka bi kowace da yatsa 2 kana matsawa a hankali. Inda ya fizge ƙafa, ka gwada daidai wurin a ɗaya ƙafar, don wani dokin tsargin taɓawa kawai gare shi.

Don gane ƙafar da ke ɗingishi, a ja dokin da sassarfa a miƙe bisa ƙasa mai tauri, kai kana kallo daga gaba. In ciwon a ƙafar gaba yake, zai ɗaga kai sama duk lokacin da mai ciwon ta taka, ya sauke shi in mai lafiyar ta taka.

Kafin a ɗora wa jijiya laifi, a duba cikin kofato. Ƙaya, ko ƙusa, ko ruwan mugunya da ya taru a ƙarƙashin kofato su ne suka fi kawo ɗingishi mai tsanani na farat ɗaya, kuma su ma suna kumbura ƙafa har sama.

Akwai irin ciwon da ke ɓuya. In jijiyar ragaya ta ji ciwo a can sama inda ta kama ƙashi, ƙarƙashin gwiwa, da wuya a ga kumburi, domin wurin a lulluɓe yake. Abin da ake gani shi ne doki ya rage gudu ba dalili, ko ya yi ɗingishi bayan aiki, ya warware bayan hutun kwana 2, ya sake in an koma. Ɗingishin yakan fi fitowa in ana zagaya da shi cikin rairayi, ƙafar mai ciwo tana wajen da'ira. Irin wannan dokin ne ake cewa ya yi ƙyuya, a ƙara masa ƙaimi.

Abu 3 kuwa ba su jiran gobe. In idon sawu ya sauko ƙasa fiye da na ɗaya ƙafar. In bakin kofato na ɗagawa sama lokacin da doki ya taka. In akwai yanka ko huji a bayan ƙwauri ko kusa da gaɓa. Kada a tafiyar da dokin. A naɗe ƙafar da auduga mai kauri inda yake tsaye, a kira likitan dabbobi nan take.

Kwanakin farko

Da zarar mahayi ya ji tafiyar doki ta sake, ya sauka. Ƙarasa tseren, ko komawa gida bisa sirdi, yana iya mai da ƙaramar yagewa babba.

Magani na farko sanyi ne. Bayan yagewa jini da ruwa suna taruwa cikin jijiya, suna ƙara lalata zaren da ya tsira, sanyi kuwa yana rage wannan. A farfasa ƙanƙarar leda irin wadda ake sayarwa a gari, a zuba cikin bokitin ruwa, a tsayar da ƙafar ciki, ko a naɗe ta da tsumma jiƙaƙƙe a ɗora ƙanƙarar bisa tsumman. Minti 20, sau 3 ko 4 a yini. Kada ƙanƙara ta zauna bisa fata tsirara. Inda babu ƙanƙara, ruwan randa da ya kwana ya fi na rijiya sanyi. A riƙa kwarara shi a hankali. Ana ci gaba da haka har zafin ƙafar ya sauka, galibi mako 1 zuwa 2.

Tsakanin sanyi da sanyi, a tsane ƙafar a naɗe ta. Auduga mai kauri tukuna, daga ƙarƙashin gwiwa har ƙasan idon sawu, sannan bandeji a bisa, da matsi daidai wa daida ko'ina. A kwance shi kowace rana a sake. Ɗaurin da ya matse wuri ɗaya shi kansa yana jikkata jijiya, saboda haka ba a ɗaure ƙafar doki da igiya ko robar tayar keke. A naɗe ɗaya ƙafar ita ma, tun da yanzu ita ke ɗauke da kayan biyu.

Sai wurin zama. A al'adarmu da ƙafa ake ɗaure doki a turke, kuma wannan bai dace da mai jinya ba: duk fizgar da ya yi don ƙuda ko don ya hango goɗiya, a kan jijiya take ƙarewa. Dabaibayi ma haka. A kewaye masa wuri mai inuwa kamar mita 4 tsawo, mita 4 faɗi, inda zai juya ya kwanta amma ba zai iya gudu ba. In dole sai an ɗaure, a ɗaure da ragama.

Likita yakan ba da maganin rage zafi da kumburi na ƴan kwanaki. Wanda aka fi sani sunansa fenilbutazon. Ta baki ake ba da shi ko ta jijiyar jini. In aka yi allurarsa cikin tsoka yana ruɓar da nama. In ya yi yawa, ko dokin bai sha ruwa sosai ba, yana cin ciki da ƙoda, kuma a zafin bazara wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Likita ne zai auna shi bisa nauyin dokin. A kuma riƙe cewa maganin ciwon yake ɓoyewa, ba jijiyar yake ɗinkewa ba. Ba doki irin wannan magani, ko tramol, don ya samu ya shiga tsere, hanya ce ta tsinke jijiyar gaba ɗaya.

Batun wuta da tsaga

Masu dawaki da yawa sun gaji lalas daga iyaye: a gasa ƙarfe a zana a ƙwauri. Ba mu kaɗai ba ne. Turawa ma sun yi ɗaruruwan shekaru suna yi wa dawakinsu haka, da tunanin wuta na ƙarfafa jijiya. A shekarar 1983 aka buga sakamakon wani dogon bincike na jami'ar Biristol a Ingila, inda aka gwada abin, aka tarar ƙunar ba ta ƙara wa jijiya ƙarfi ko saurin warkewa. To me ya sa ake ganin doki ya samu sauƙi bayan lalas? Domin gyambon wutar yana tilasta wa mai shi ya ajiye shi wata da watanni. Hutun ne ya yi aikin, wuta ta karɓi godiya. Ga shi kuma ta bar ƙofa buɗe ga ƙuda, da mugunya, da tetanos, cutar nan mai sanƙarar da jiki, wadda doki na cikin dabbobin da ta fi saurin kashewa. Tsaga da reza don a fitar da mataccen jini ita ma haɗarinta ɗaya. Gashi da ruwan zafi, da murza da man zafi, a bar su muddin ƙafar na da ɗumi, don ƙara kumburi suke yi.

Aikin likitan dabbobi

Likita zai duba tafiyar dokin, ya lalubi jijiyoyin. Wani lokaci yakan yi allurar kashe zafi daki-daki, daga kofato zuwa sama, har ya kai inda ɗingishin ya ɓace; nan ciwon yake. Hoton ƙashi yana nuna ko wani ɗan ƙashi ya tsage tare da jijiyar, abin da kan faru ga rassan jijiyar ragaya. Amma abin da ke nuna cikin jijiya kanta shi ne na'urar eko, irin wadda ake duba mata masu juna biyu da ita a asibiti. Tun farkon shekarun 1980 aka fara duba jijiyar doki da ita a Amurka. Wurin da zare ya tsinke yakan fito baƙi a tsakiyar fari, a auna girmansa, a sake aunawa kowane wata 2 ko 3. Ba kowane gari ake samun mai yi wa doki eko ba. Inda babu, ƙa'ida ita ce a ɗauki ciwon a matsayin babba, a bi wa'adi mafi tsawo.

Wurin da ciwon yake yana da muhimmanci ƙwarai. Saman jijiyar ragaya a ƙafar gaba, in an gane shi da wuri, mafi yawan dawaki suna komawa aiki bayan wata 3 zuwa 6. A ƙafar baya labarin dabam ne. Wata likitar dawaki a Ingila mai suna Sue Dyson ta bi diddigin dawaki 42 masu wannan ciwo a ƙafar baya, ta buga sakamakon a 1994: guda 6 ne kawai suka koma cikakken aiki ba ɗingishi. Daga baya aka samo wata tiyata, inda ake yanke ƴar jijiyar da ke kai saƙon zafi daga wurin, a kuma sassauta tantanin da ya matse shi. Da ita fiye da kashi 70 cikin 100 na komawa aiki, in dokin ba shi da wata matsalar.

A manyan asibitocin dawaki na Turai da Amurka akwai waɗansu hanyoyin. Ana ɗibar jinin dokin a tace wani sashe nasa a zuba cikin jijiyar. Ana ɗibar ɓargonsa a raini ƙwayoyin halitta daga ciki a mayar a wurin ciwon, aikin da Roger Smith da abokan aikinsa na kwalejin likitan dabbobi ta Landan suka fara bayyanawa a 2003. Suna da tsada ainun. Abin lura shi ne ko ɗaya cikinsu bai ɗauke wa doki wa'adin jinya ba. Dokin attajirin Turai da dokin manomin Tasawa, dukansu sai sun yi watannin tafiyar hannu. Wannan kuwa ba ya bukatar kuɗi, sai mutum mai haƙuri da agogo.

Jinya: tafiya a ƙidaye

Jijiya ba ta da jini da yawa, shi ya sa take nawar warkewa. Jiki ba ya mayar da zaren asali, faci yake yi. Da farko facin a cukurkuɗe yake kamar zaren da kaji suka tattaka, ba shi da ƙarfi. Abin da ke miƙar da shi ya kwanta a jere kamar wadarin masaƙi shi ne ja kaɗan-kaɗan, kullum. In an ajiye doki ba motsi sam, facin zai daskare a cukurkuɗe. In an sake shi ya yi gudu, facin zai yage. Tsakanin waɗannan biyun hanyar take, kuma siririya ce.

Ga misalin tsari na ciwo matsakaici. Likita na iya gajarta shi ko ya tsawaita.

Bayan mako 2 na farko, in zafi ya sauka, a fara jan dokin da hannu, minti 5 da safe, minti 5 da marece. Kowane mako a ƙara minti 5 bisa jimillar yini, har ya kai minti 40 zuwa 45 kafin ƙarshen wata na 3. Tafiya ce kawai, a miƙe, bisa ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai ɗan tauri. Ba rairayi mai zurfi, ba gangare, ba zagaye.

A wata na 4 mahayi marar nauyi ya hau, amma har yanzu tafiya ce, minti 30 zuwa 45. A wata na 5 da na 6 a shigo da sassarfa: minti 2 ko 3 a tsakiyar tafiya, ana ƙara kaɗan kowane mako 2. Ƙaramar sukuwa sai wata na 7 ko na 8. Cikakken gudu da tsere, ba kafin wata 9 zuwa 12 ba.

A lissafa da watannin da muka sani. Tsakanin sallar azumi da sallar layya kwana 70 ne, ko ƙasa da haka kaɗan. Dokin da ya ji ciwo ran hawan sallar azumi, ranar layya yana tsakiyar tafiyar hannu, ko sirdi bai isa ɗauka ba. Ba zai yi hawan layyar bana ba, komai kyan tafiyarsa. A nan ne mafi yawan jinya ke lalacewa. Doki ya ƙoshi, yana haniniya, yana tono ƙasa, abokai na cewa ai ya warke, ga kunyar a ga mutum a ƙasa ranar hawa. Sauri kuwa kan haifi nawa: hawan yini ɗaya ya mai da jinyar wata 9 ta koma farko, in ma an yi sa'a. Bincike kan dawakin tsere masu ciwon agara ya nuna wajen rabinsu na sake jin ciwon bayan sun koma fili, domin faci bai kai zaren asali naɗewa ba. Wanda aka gaggauta ya fi kowa shiga cikin wannan rabin.

Dokin da ya daɗe a killace yakan yi tsalle da harbi in an fito da shi. Babban mutum ya ja shi, ba yaro ba, kuma da linzami. A zaɓi lokacin da hanya ba babura, a kauce wa inda goɗiya take. A bazara a fita da asuba da bayan la'asar. Kada a ce bari a sake shi a fili ya ɗan sha iska. Sukuwar minti 1 ta isa ta rushe aikin wata 3.

A nan karatu da rubutu ke da rana. A sami kaye, wato littafin rubutu, na dokin shi kaɗai. A aske ɗan gashi a tsakiyar ƙwauri don alama, a riƙa auna kaurin ƙafar a daidai wurin da ma'aunin tela. Kowace rana a rubuta layi guda, kamar haka: Litinin, tafiya minti 15 da safe, 15 da marece, ƙafa sanyi, kauri santimita 19. Ido yana sabawa da kumburi har ya daina ganinsa, amma lamba ba ta sabo. In wata safiya ƙafa ta yi ɗumi, ko awo ya ƙaru, ko ɗingishi ya dawo, a tsaya, a koma sanyi, a nuna wa likita littafin. Bayan ta lafa a koma matakin baya, a yi mako 2 a kansa kafin a ci gaba.

Abinci da kofato lokacin jinya

Dokin da ba ya aiki ba ya bukatar hatsin dokin tsere. A rage gero da dawa ƙwarai, a bar shi da ciyawa busasshiya mai kyau, da harawa daidai gwargwado, da ƴar dusa. Hatsi mai yawa ga doki a tsaye yana kawo ciwon ciki da ciwon kofato, yana sa shi zumuɗi, ƙibar kuma ƙarin kaya ce bisa jijiya. A zuba abincin cikin komi, kada a ƙasa, don rairayin da yake haɗiya yana taruwa a hanji. Ruwa kada ya yanke. Lokacin zafi doki na iya shan lita 40 ko fiye a yini. A ci gaba da gyaran kofato bisa wa'adinsa, a rage tsawon baki, amma kada a sauya tsayin dundunniya da yawa a zama ɗaya.

Bayan ya koma fili

Wurin da ya warke yakan zauna da ɗan kauri har abada. In kaurin sanyi ne, mai tauri, ba ya ciwo in an matsa, tabo ne kawai. Kafin kowane gudu a yi minti 15 na tafiya da sassarfa. Bayan gudu a kwance duk abin da aka naɗa a ƙafa nan da nan, a kwarara ruwan sanyi, washegari a shafa. A ba da tazara tsakanin tsere da tsere, a kuma daina zamiya da shi.

Wani dokin ba zai koma tsere ba duk da an yi komai daidai, musamman mai ciwon ƙafar baya ko wanda ya ji ciwo sau 2. Yana iya yin hawan tafiya, goɗiya kuma ta yi haihuwa. Sai dai in idon sawun ƙafafun baya duka biyu na saukowa da kansu ba tare da wani haɗari ba, a bar kiwon iri da shi, don ana zaton irin wannan raunin yana bin jini.

Mai sayen doki a kasuwa kuma ya fara da ƙafa kafin ya dubi launi. Ya shafa ƙwauri huɗun, ya nemi kauri a bayansu da zanen wuta a ƙarƙashin gashi. Ya sa a yi sukuwa da dokin a gabansa, sannan ya nemi a bar cinikin ya kwana, ya dawo da sassafe ya sake shafa ƙafafun kafin ya biya.